Yadda Ake Shirya Yawon Gaɓar Teku da Kallon Namun Daji a Lardin Northumberland

Northumberland shi ne lardin da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Ingila, yana iyaka da Sikotland, gaɓarsa kuma tana fuskantar gabas, wato Tekun Arewa. Akwai hanyar ƙafa mai alamomi da ta bi gaɓar daga Cresswell zuwa Berwick-upon-Tweed, tsawonta kusan kilomita 100, tana ratsa rairayi, tuddan yashi, duwatsu da ƙananan garuruwan masunta. Ana zuwa wurin don tattaki, kallon tsuntsaye, leƙen ramukan ruwa cikin duwatsu, tuƙa kwale-kwale da iyo. Dukkansu abu ɗaya ke juya su: lokacin cikar teku da janyewarsa. Wanda ya fara zaɓen rana da sa'a sannan ya waiwayi teku ya yi aikin a baibai. Jadawalin ruwa ake fara dubawa, sai watan da dabbar da ake son gani take nan, sannan a gina sauran shirin a kansu.

Matakin farko: karanta jadawalin ruwa

Teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu, cikin sa'a 24 da kimanin minti 50. Saboda wannan rarar, cikar gobe takan makara da kusan minti 50 a kan ta yau. Daga ƙarshen janyewa zuwa ƙarshen cika sa'a shida ne da 'yan mintoci. Girman cikar kuma yana bin wata: kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar sabon wata, da kuma bayan wata ya cika, ruwa yakan hau fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. A wannan gaɓa tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa a irin waɗannan ranaku takan kai mita 4 ko fiye. Idan wata ya yi rabi, tazarar takan ragu sosai.

Ruwan ba ya hawa da sauri iri ɗaya, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Ka raba tazarar gida 12. A sa'a ta farko kashi ɗaya yake hawa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, ta biyar kashi biyu, ta shida kashi ɗaya. Idan tazarar ranar mita 4.2 ce, kashi ɗaya santimita 35 ke nan. Wanda ya tsaya kan dutse a sa'a ta farko zai ga ruwa yana rarrafe, ya saki jiki. A sa'a ta uku kaɗai ruwan zai ƙaru da fiye da mita ɗaya, ya sake yin haka a ta huɗu. A shimfiɗaɗɗen rairayi irin na Budle Bay ko na kewayen tsibirin Holy Island, mita ɗaya na tsayi yana nufin fili mai faɗin gaske ya nutse. Ruwan kuma ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba: yana fara cika kwaruruka da magudanan da ke bayanka, ya raba ka da tudu alhali ƙafarka tana kan busasshen yashi.

Abu biyu kan ɓata lissafi ko da an karanta jadawalin daidai. Na ɗaya agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya tana tura agogonta gaba da sa'a ɗaya, wasu jadawalai kuwa da agogon GMT ake buga su duk shekara. Duba saman shafin, in GMT ne kuma lokacin zafi ne, ƙara sa'a ɗaya. Na biyu yanayi. Jadawali hasashe ne da aka gina kan tafiyar wata da rana, bai san iskar ranar ba. Iska mai ƙarfi daga arewa ko gabas tana tara ruwa a gaɓa, saukar nauyin iska kuma yana ɗaga teku da kimanin santimita ɗaya a kan kowane miliba ɗaya (ma'aunin nauyin iska). Saboda haka a haɗa jadawalin da hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, na ruwan kusa da gaɓa, sashen da ya kama daga Berwick zuwa Whitby.

Tsallakawa zuwa Holy Island

Holy Island, wanda ake kuma kira Lindisfarne, yana haɗe da tudu ta wata kwalta da teku ke rufewa sau biyu a rana. Majalisar lardin tana wallafa lokutan tsallakawa na kowace rana, ana kuma manna su a bakin hanyar ta ɓangarorin biyu. Ka rubuta lokaci biyu kafin ka tashi: na buɗewa da na rufewa. Ka ba kanka ratar aƙalla minti 30 kafin na rufewa, domin ranar cunkoso motoci kan yi layi wajen fita. Idan ka iso ka tarar ruwa ya taɓa kwalta, ka juya. Wuri mafi ƙasa yana wajen gadar da ke kusa da ɓangaren tudu, ba a iya gane zurfinsa daga nesa, kuma kowace shekara sai an ceto waɗanda suka ce bari su gwada. Ɗan akwatin katakon da aka ɗora kan dogayen ƙafafu a wajen mafaka ce ta mutane. Mota ba ta da mafaka, kuma wadda ruwan gishiri ya shiga injinta da wayoyinta da wuya ta sake moruwa.

Akwai kuma tsohuwar hanyar masu ziyara, wadda ta ratsa yashi da laka kai tsaye, kusan kilomita 5, an kafa mata dogayen sanduna a jere. Lokutan da majalisa ta wallafa na kwalta ne, ba na wannan hanya ba, domin ta fi kwalta ƙasa. Ana shigarta ne lokacin da ruwa yake kan janyewa, kamar sa'a biyu kafin ƙarshen janyewar, a gama kafin ya juyo. Ka ware mata sa'a biyu, ka bi sandunan ba kauce wa, kada ka shiga da almuru ko cikin hazo. Lakar tana da santsi, tana kuma cire takalmi, shi ya sa da yawa suke tafiya ba takalmi ko da takalmin roba mai kama ƙafa, da sanda a hannu.

Wane wata, wace dabba

Tsuntsayen teku masu sheƙa suna nan ne daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuli. Fafin, ɗan gajeren tsuntsun nan baƙi da fari mai baki ja da ɗorawa, yana haƙa rami a ƙasa ya saka ƙwai ɗaya tak. A tsibiran Farne, daura da garin Seahouses, an ƙirga ma'auratansa fiye da 40,000 a 2018. Watan Yuni zuwa farkon Yuli ne ake ganinsa da ƙananan kifaye jere a baki yana kai wa ɗansa. Wanda ya zo tsakiyar Agusta zai tarar da ramuka fayau, sun koma tsakiyar teku. Tsattsewar teku ta Aktik ma a wannan lokaci take nan. Ita ce mai doguwar tafiya: wata da aka ɗaura wa na'ura a Farne a 2015 ta yi kimanin kilomita 96,000 zuwa yankin Antatika da dawowa. Tsibirin Coquet, daura da garin Amble, shi ne matattarar wata danginta mai ɗan ja-ja a ƙirji wadda ba ta da yawa a Birtaniya. Ba a sauka a kansa, daga cikin jirgin ruwa ake kallo.

Daga Satumba sai baƙin hunturu su fara sauka. Dinya mai farin ciki tana zuwa daga tsibiran Svalbard na ƙasar Norway ta yi kiwon ciyawar ruwa a lakar Fenham Flats, daura da Holy Island. Sil kuwa, dabbar tekun nan mai shayarwa wadda ke jan ciki in ta hau tudu, ana ganinta duk shekara, amma haihuwarta daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Disamba. Agwagwar aida ba ta zuwa ko'ina, kullum tana cikin tashar jiragen Seahouses da ta Amble.

A ra'ayinmu, mai zuwa sau ɗaya ya zaɓi tsakiyar Yuni. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura na dare, tsuntsaye sun ƙyanƙyashe, kuma hutun makarantu bai fara ba. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, don haka tattakin hunturu gajere ake yanka shi.

Kaya

Takalmi mai riƙe idon sawu da ƙasa mai kama dutse, riga mai hana ruwa da iska ko da sama tana garau, da suwaita a jaka ko a Yuli, domin hazon teku kan shigo ba sallama ya sauke zafi cikin mintoci. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar: ya fi sauƙin riƙewa cikin jirgi mai tangaɗi a kan mai lamba 10. Taswirar Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, mai ma'aunin 1:25,000, inda santimita 4 ke daidai da kilomita ɗaya, lamba 340 ta ɗauki Holy Island da Bamburgh, lamba 332 ta ɗauki Alnwick, Craster da Amble. Waya cike da caji cikin leda mai hana ruwa, ruwan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane mutum, da ɗan hantsakin cire kaska.

Wata dabara da ba ta cin ko sisi: tunda gaɓar gabas take kallo, da safe rana tana cikin idonka in ka fuskanci teku, tsuntsaye su zama baƙaƙen inuwoyi. Bayan azahar hasken yana bayanka, launi ya fito. Tsuntsayen laka kuma an fi ganinsu sa'a biyu kafin ƙarshen cika, lokacin da ruwa ke koro su zuwa inda kake zaune.

Ranar zuwa tsibiran Farne

Daga Seahouses jiragen ke tashi. Tsibiran suna hannun National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi da na halitta, kuma kuɗin jirgi daban, kuɗin sauka kan tsibiri daban. A Yuni ka kama gurbi tun da wuri, sannan ka kira da safiyar ranar, domin matuƙi ne ke da maganar ƙarshe. Raƙuman ruwa daga gabas ko arewa kan hana sauka ko da rana tana haske, tunda jirgin ba ya iya jingina da matakala. Ka tambaya takamaimai ko tafiyar ta haɗa da sauka ko zagaye ne kawai. Murar tsuntsaye ta sa an rufe tsibiran ga baƙi a 2022 da 2023, kuma dokokin sauka kan canza daga shekara zuwa shekara. Mai jin jiri a ruwa ya sha maganinsa kafin a tashi kamar yadda takardar maganin ta ce, ya zauna tsakiyar jirgi a waje, ya kafa ido a inda sama ta haɗu da teku.

A Inner Farne, ɗaya daga cikin tsibiran, ka sa hula mai kauri. Tsattsewar teku tana yin sheƙa a gefen hanya, tana kuma saran kan duk wanda ya gifta, har ta fitar da jini. Kada ka kai mata hannu, kada ka tsaya ɗaukar hoto a kan sheƙarta, ka ci gaba da tafiya a hankali kana duba ƙasa, don 'yan tsaki kan fito kan katakon hanya. Sauka daga katakon yana rufta ramukan fafin da ƙwai ko ɗa a ciki. Ba a shiga da kare. In an ajiye tabarmar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka taka ta shiga da fita, kuma ko a tsibiri ko a rairayi kada ka taɓa mataccen tsuntsu. Yawancin jirage kan bi ta Longstone, hasumiyar fitilar da Grace Darling da mahaifinta, mai tsaron fitilar, suka fito daga cikinta da kwale-kwale a 1838 suka ceci waɗanda suka tsira daga jirgin Forfarshire.

Tazara tsakaninka da dabba

Ma'auni mafi sauƙi shi ne dabbar kanta. In sil ya ɗaga kai yana kallonka, ka matso da yawa, ka ja baya. Masana suna ba da shawarar mita 100, kwatankwacin tsawon filin ƙwallo. Dalilin tsananin shi ne lissafin kitse. Ana haifar ɗan sil da nauyin kilo 14 ko kusa, da farin gashi wanda bai dace da iyo ba. Uwar tana shayar da shi kusan mako uku da nono mai kitse sosai, yana ƙara kimanin kilo 2 a rana, ita kuwa ba ta cin komai. Kowace shayarwar da aka katse asara ce da ba ta dawowa, uwar da aka firgita kuma tana iya barinsa gaba ɗaya. Bayan yaye yakan zauna shi kaɗai yana zubar da farin gashin, yana rayuwa da kitsen jikinsa. Saboda haka ɗan sil shi kaɗai a rairayi ba lallai maraya ba ne. Kada a tura shi ruwa, kada a zuba masa ruwa, kada a ba shi abinci. Yana cizo, cizonsa kuma yana ruɓa. In ka ga wuyansa da ƙugunsa sun fito don rama, ko yana da rauni, ko raga ta shaƙe shi, ka kira ƙungiyar ceton dabbobin teku ta British Divers Marine Life Rescue, ka tsaya nesa kana hana karnuka zuwa.

Masu sheƙa a ƙasa sun fi shiga haɗari domin ba a ganinsu. Ƙaramar tsattsewar teku da wasu 'yan tsuntsayen gaɓa suna saka ƙwai a ɗan lotsi cikin yashi ko tsakuwa, launinsa ɗaya da ƙasa. A bakin rafin Long Nanny, cikin Beadnell Bay, ana kewaye wurin da igiya daga Mayu zuwa Agusta, masu gadi suna kwana a wajen. Ka bi kewayen da suka nuna. A sauran wurare ka yi tafiya kan jiƙaƙƙen yashi, ƙasa da layin da cikar ruwa ke barin ciyawar teku. Tsuntsun da ke jan fiffike kamar ya karye a gabanka janye ka yake yi daga sheƙa, sai ka bar wurin. Dokar namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita, ta kuma haramta ko damun wasu nau'o'in a lokacin sheƙa, ciki har da ƙaramar tsattsewar. A filayen da doka ta buɗe wa masu yawo, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba. Da hunturu ma igiyar tana da amfani: tsuntsayen da suka taru hutawa lokacin cikar ruwa, duk tashin da aka sa su yi ƙarfin da za su kwana da shi cikin sanyi ne suke ƙonawa.

Tattaki da ramukan duwatsu

Ga mai farawa, hanyar Craster zuwa Low Newton ta isa, kimanin kilomita 6. Kilomita biyun farko fili ne mai ciyawa har kangon ganuwar Dunstanburgh, wadda aka fara ginawa a 1313, inda tsuntsaye ke sheƙa a jikin dutsen da ke ƙarƙashinta. Daga nan sai rairayin Embleton Bay. A yashi mai laushi ka lissafa kilomita 3 a sa'a, ba 4 ko 5 ba. Akwai tumaki da shanu a filin farko. In shanu suka taso maka kana riƙe da kare, ka saki igiyar.

Leƙen ramukan duwatsu yana son ranakun babbar janyewa, waɗanda a nan sukan faɗo tsakanin hantsi da tsakar rana. Ka isa sa'a ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa, ka bi ruwan yana ja, ka juyo da zarar ya tsaya. Koren gansakuka ya fi komai santsi. Bokiti ɗaya, ruwan teku, ƙaguwa ɗaya ko biyu a lokaci guda, minti kaɗan a inuwa, a mayar da su raminsu. Dutsen da ka ɗaga ka mayar da shi yadda ka same shi, domin abin da ke rayuwa a ƙarƙashinsa rana na kashe shi, na samansa kuma duhu na kashe shi.

Shiga ruwa

Ko a Agusta zafin ruwan nan bai cika wuce digiri 14 ko 15 ba, da hunturu yakan sauka zuwa 6 ko 7. Faɗawa irin wannan ruwa farat ɗaya yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, zuciya ta yi ta bugawa, ko da gwanin iyo ne. Abin yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A wannan tsakanin ba iyo ake yi ba: ka kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ka buɗe hannuwa da ƙafafu har numfashi ya daidaita. Mai niyyar iyo ya shiga sannu a hankali, da rigar roba mai kaurin milimita 4 zuwa 5, kuma ba shi kaɗai ba, domin yawancin rairayin lardin babu masu tsaro. In igiyar ruwa mai ja zuwa ciki ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita. Ka taka ƙasa in ƙafa na kaiwa, in ba ta kaiwa ka yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, ka ɗaga hannu.

Masu kwale-kwale da allon da ake tsayawa a kai ana tuƙawa su lura da iskar yamma, wadda ita ce ta fi yawa. A wannan gaɓa daga tudu take busawa zuwa teku. Bakin ruwa sai ya kwanta lumui saboda tuddai sun tare ta, amma 'yan mitoci ɗari a ciki tana tura mutum waje fiye da yadda zai iya tuƙowa. Ranar irin wannan iska a haƙura. Sauran ranaku a sa rigar ceto, waya kuma a jiki take, ba a ɗaure a jirgi ba.

Ƙananan masifu da kiran taimako

Wani ɗan kifi mai ƙaya a baya yana binne kansa cikin yashin ruwa mara zurfi. Wanda ya taka shi ya tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafin da zai iya jurewa na aƙalla minti 30. Takalmin roba yana hana faruwar hakan. A tuddan yashi akwai maciji mai dafi, dangin kububuwa, wanda ba ya sara sai an taka shi ko an kama shi. In ya yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, asibiti kai tsaye. Da yamma a duba jiki don kaska, a kama ta dab da fata a ja a miƙe, in jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki ko makonni a ga likita. A Holy Island kuma akwai wata ciyawa 'yar asalin New Zealand mai ƙaya irin ta ƙarangiya. A cire ta daga safa da gashin kare kafin a bar tsibirin, a jefa a kwandon shara, don kada a kai irinta wani wuri.

In wani ya shiga haɗari a ruwa, a laka ko a kan dutse, ka kira 999 ka ce Coastguard, wato masu tsaron gaɓar teku. Su ne ke tura jiragen ƙungiyar ceto ta RNLI da ke Seahouses, Craster, Amble da sauran tashoshi. Kada ka bi mutum ko kare cikin ruwa, ka jefa abin da ke iyo, ka ci gaba da nuna inda yake da hannu. Za a tambaye ka wurin, yawan mutanen, launin tufafinsu, da lokacin da ka gan su na ƙarshe. Sunan rairayi kaɗai bai isa ba, domin Druridge Bay ita kaɗai ta kai kilomita 11, sai ka ba da lambar wurin daga taswira ko daga wayarka, ko ka faɗi wurin ajiye motocin da ka shigo ta nan da ɓangaren da ka nufa.